Faɗin Tayil Ɗaya a Kan Ruwa

Musun ya faro ne a tsakar gidana a Karu, bayan isha'i, daren da na tarar da ɗan ƙanwata a durƙushe da tef ɗin tela yana auna tayil. Na ce lafiya dai ko? Ya ɗago ya ce, "Kawu, dubi nan. Santimita 60. Allon da nake son saye faɗinsa ke nan, sai ɗoriyar santimita ɗaya." Ya miƙe ya tsaya a kan tayil guda, ƙafafu a jere, ya buɗe hannuwa yana murmushi, wai ga shi bai faɗi ba. Na ce to ai tayil ba ya motsi.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba, allo ne dogo mai kama da kwalekwalen da aka shafe wa ciki. Mutum yana tsaye a kai, riƙe da filafili guda mai dogon mariƙi, yana tuƙi. A gaɓar Waikiki ta tsibiran Hawai aka fi danganta tasowarsa, inda masu koya wa baƙi wasan ruwa suke tsayawa a kan alluna don su hango ɗalibansu, sannan a farkon shekarun 2000 irin su Laird Hamilton suka farfaɗo da shi ya bazu a duniya. Yaron nan a Legas ya koyo, lokacin bautar ƙasa. Ya dawo da irin wanda ake hura wa iska da famfo, mai faɗin inci 32, wanda in an sace iskar ake naɗewa a jaka kamar katifar ɗan makaranta. Duk Asabar da asuba yake saɓa jakarsa, ya bi ta Kugbo da AYA kafin titi ya cushe, ya nufi Tafkin Jabi. Shekara guda yana wannan. Yanzu kuma tsere ya shiga ransa, kuma allon tsere daban ne: tsayinsa ƙafa 14, wato mita huɗu da 'yan kai, faɗinsa kuwa daga inci 21 zuwa 26 galibi. Shi inci 24 yake so. Ni na ce ya nemi 27 ko 28. Inci uku ko huɗu kacal, faɗin tafin hannu, a kansu muka shafe makonni muna ja-in-ja.

Da na ga ya fi ni baki sai na nemo mai taimako. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da muke kira Baba, mutumin Yawuri, Basarke gaba da baya, wanda ya bar kogi shekaru da dama yana sana'ar bandar kifi a kasuwar Karu. Na tabbata tsoho zai tsawata wa yaro. Aka nuna masa hotunan allunan biyu a waya, ya daɗe yana kallo, ya ɗora yatsa a kan siririn ya ce, "Wannan shi ne jirgi. Wancan tabarma ce." Na rasa ta cewa. Wanda na ɗauko ya kama mini, shi ya koma bayan abokin musuna.

Hujjar masu son siriri ba ta wasa ba ce, kuma sai da na zauna na saurare ta da kyau na gane haka. Duk abin da ke tafiya a kan ruwa sai ya ture ruwa gefe kafin ya wuce. Faffaɗan allo yana ture mai yawa, yana tayar da ƙaramar taguwa a gabansa, kuma cikinsa mai faɗi yana gogar ruwa. Duk wannan daga ƙarfin damtsen matuƙi ake biyansa. Siriri kuwa tsaga ruwan yake yi kamar aska. Akwai kuma wani abu da ban taɓa kawowa a rai ba sai da yaron ya nuna mini da tsintsiya a tsakar gida. In allo ya cika faɗi, dole ka miƙa hannu can gefe kafin filafili ya taɓa ruwa, sai ya shiga a karkace, kowane bugu yana karkatar da hancin allon zuwa ɗaya ɓangaren. Bugu uku ko huɗu sai ka sauya hannu don ka daidaita. A kan siriri filafili yana shiga a tsaye, kusa da tsakiyar allon, sai ya tafi sak, ka yi bugu da yawa kafin ka sauya. A tseren kilomita goma, wannan sauye-sauyen hannu ba ƙaramin lokaci yake ci ba. Shi ya sa allunan gasa suke ta ramewa: waɗanda gwanaye ke hawa wajajen 2010 sun fi na yanzu faɗi da inci da dama, har abin da ake kira na tsere a da ya koma na yawon shan iska.

Baba bai san waɗannan lissafe-lissafen ba, amma ya san Rigata ta Yawuri, ya kuma sha zuwa Argungu kallon Kabanci, inda ake tseren kwalekwale a kogin Matan Fada. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya shiga tsere da jirgin fito ba. Jirgin fito na ɗaukar buhuna da awaki ne. Kuma a ganinsa ƙafa ba ta koyon abin da ba a tilasta mata ba. "Malam, mu ba wanda ya ba mu babban jirgi muka koya. Ƙaramin da manya suka raina shi ake bar wa yara. Ka kife, ka sha ruwa, ka juyo shi, ka kwarfe, ka koma. Ranar da ka daina kifewa ba ka ma san ranar ba ce." Yaron ya ji daɗin wannan magana har yana tafa hannu.

Ni da kaina na ƙara musu makami ba da niyya ba, don na tuna da kwalekwalen Dufuna. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, aka auna shekarunsa aka samu kusan 8,000, ya zama kwalekwale mafi tsufa da aka sani a Afirka. Tsayinsa ya haura mita takwas, faɗinsa rabin mita. Rabin mita bai cika inci 20 ba. Ke nan wanda ya sassaƙa shi a bakin Komadugu Gana ya riga kamfanonin Turai da Amurka gane cewa dogo siriri shi ke gudu. Yaron ya ce, "To Kawu, ka ga ni ma ban kai kakanni ba."

Sai kuma maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ƙarfi a wurina. Sabon allon tsere na zaren kabon ya haura dala 2,000, ban da kuɗin jigilar abu mai tsayin ƙafa 14 da ba ya naɗuwa, ban da kwastan. A ƙasashen da wasan ya kafu, mutum kan sayi inci 28 na hannu, ya yi shekara, ya sayar, ya sauko 26, ya sake saukowa. A Abuja wa za ka sayar wa? In ka saya ka saya ke nan. Don haka yaron yake cewa gara ya sayi wanda zai girma ya tarar, yadda uwa ke ɗinka wa ɗanta rigar sallah da ɗan sauran tsayi.

Duk na yarda da waɗannan. Amma ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba, kuma ga dalili.

Gudun da ake faɗa na siririn allo gudu ne na allo, ba na mutum ba. Allo ba ya tuƙa kansa. Na je Jabi wata Asabar na ga yaron ya ari wani siriri daga hannun wani baƙo da suka saba haɗuwa a can. Da ya miƙe tsaye, gwiwoyinsa suka kama rawa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame allon. Idonsa na kan ƙafafunsa. Bugun da na saba ganin yana yi da dukan bayansa da ƙugunsa ya koma ɗan tsakure da hannu, kuma bugu ɗaya cikin uku ba na tafiya ba ne, na tokare ruwa ne kada ya faɗi. Allon yana tangaɗi dama da hagu, kowane tangaɗi gefensa na nutsewa yana ja masa birki. Wata yarinya a cikin kwalekwalen roba na haya ta wuce shi tana waige. Bai yi minti goma ba sai tsundum. Ya hau, ya sake faɗawa. Da ya fito tsamo-tsamo ya ce tafin ƙafarsa ya mutu, ba ya jin sa. Mutumin da kashi mai yawa na ƙarfinsa ke tafiya wajen tsayuwa, me ya rage masa na tsere? A kan tabarmarsa ta inci 32 ya fi haka sauri nesa ba kusa ba.

Kuma wannan ruwan safe ne, lumui kamar faranti. Ruwan tsere ba haka yake ba. In aka busa usur, alluna ashirin ko talatin suka zabura tare, ruwan yakan hargitse, taguwa ta fito ta ko'ina. Ga bin sawu, inda kake manne wa wutsiyar na gabanka don ruwan da ya tsaga ya ja ka, wanda ke bukatar ka tsaya daram a cikin kumfarsa. Ga kwana a wurin alamar juyawa, inda gwani ke ja da baya ya taka wutsiyar allo, hancin ya ɗaga sama, ya juya shi a wuri ɗaya. A nan ake zubewa. Sannan ga gajiya: ƙafar da ta riƙe ka a kilomita na farko ba ita ce ƙafar kilomita na takwas ba. Faɗuwa ɗaya, da lalubo filafili, da hawa, da miƙewa, ta cinye duk ribar da siranta ta tara maka, kuma ayarin da kake bi ya tafi ya bar ka. Gwanayen da ke hawa inci 21 ma sukan koma mai ɗan faɗi ranar da iska ta tashi.

Maganar Baba kuwa, da na juya ta sai na ga inda ta gaza. Ɗan Sarkawa a bakin Neja yana cikin ruwa safe da yamma, tun kafin ya yi wayon jin tsoro. Yaronmu ya fara ne yana da shekara ashirin da wani abu, kuma ruwansa na Asabar ne, awa biyu, in ba a yi ɗaurin aure ba, in hadarin damina bai taso ba, in sanyin hunturu bai hana shi fita ba. Abin da ɗan kogi ya koya a wata ɗaya, ɗan Karu sai ya shekara. Dubi Ayomide Bello, wadda ta wakilci Najeriya a tseren kwalekwale a gasar Olamfik ta Tokyo, ta sake zuwa ta Faris a 2024. Jirgin da take tuƙawa a durƙushe kan gwiwa ɗaya ya fi kowane allo siranta, amma aikinta ke nan, kullum tana kai. Ba a gwada ma'aikacin ofis da ita. Ga kuma jiki: yaron dogo ne, kakkaura, kuma dogon mutum mai nauyi ya fi gajere marar nauyi bukatar faɗi, don nauyinsa yana can sama yana lilo. Inci 24 na wani shi ne 26 na wani.

Kwalekwalen Dufuna ma da na kawo, da na sake tunani sai na ga shaidar tana da baki biyu. Kwalekwale ciki gare shi. Mai tuƙi yana cikin rami, ƙafarsa ƙasa-ƙasa, gefuna sun kewaye shi. Masu ƙera allunan tsere sun gane wannan, shi ya sa da yawa daga na yanzu ake rarake wurin tsayuwar, a bar gefuna su ɗago, a huda 'yan ramukan da ruwa zai tsiyaye. Sunan da Turawa suka ba wannan ƙira ma daga kwalekwalen sassaƙa suka aro shi. Ƙafa ta sauko kusa da fuskar ruwa, tangaɗi ya ragu. Don haka inci 24 mai rami yakan fi inci 25 mai shafaffen baya zama daram, sai dai in ka faɗi ya fi wuyar hawa, don sai ka haura gefe, kuma ƙirjinka da ƙwaurinka za su ba da labari. Lambar faɗin da ake bugawa a jikin allo rabin zance ce. Siffar cikinsa, da faɗin wutsiyarsa, da kaurin gefunansa duk suna da ta cewa. (Af, ba mu kaɗai abin ya rikita ba. Hukumar tseren kwalekwale ta duniya da ta masu hawan taguwar teku sun yi shekaru suna jayayya kan wa ke da wannan wasa, sai da kotun wasanni ta Lozan ta raba gardama a 2020. Baba da ya ji ya ce ai da sun tambaye shi, kwalekwale ne marar ciki.)

Akwai kuma abin da ban faɗa wa yaron kai tsaye ba: na san halin ɗan Adam. Abin da ke kunyata ka duk mako a gaban jama'a, sannu a hankali sai ka fara samun uzuri. Wannan Asabar mura, waccan babu mai. Ƙarshenta allon dala dubbai ya koma jingine a bayan gida, kaji na kwana a kai.

A tsakiyar wannan musu ne ƙanwata ta kira ni daga gida, don labari ya kai mata. Ita ba ruwanta da inci. Tambaya ɗaya ta yi: "Yaya, ya iya ruwa kuwa?" Na yi shiru. Na juya na tambaye shi, ya sosa ƙeya ya ce yana ɗan taɓawa, kuma ai yana sa rigar kariya. Baba da ke zaune ya ajiye kofin shayinsa. Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ɗana, duk abin da na faɗa maka na janye. Na ɗauka da ɗan ruwa nake magana."

A nan na ga ni da Baba duka mun yi kuskure iri ɗaya. Shi ya ɗauka faɗuwa ba komai ba ce, don a duniyarsa kowa ya iya iyo. Ni kuma na ɗauka faɗi shi ne tsaro. Alhali jiragen da suka ci mutanenmu ba sirara ba ne. Wanda ya kife a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen 2021 da ɗaliban Islamiyya, da wanda ya kife a yankin Patigi ta jihar Kwara a 2023 da 'yan biki sama da ɗari, manyan jirage ne. Lodi ya yi yawa, ba rigunan kariya. Faffaɗan allo yana rage yawan faɗuwa, amma ba ya koya maka abin da za ka yi ranar da ka faɗi, har ma yakan sa ka yi nisa da gaɓa da ƙarfin halin da ba naka ba. Kuma faɗuwa a ruwan ƙasar nan tana da wani kuɗin na daban: ruwan kwance a wurare da yawa ba ya rasa tsargiya, don haka mai shirin faɗawa sau ashirin a rana ya kamata ya san ruwan da yake faɗawa.

To ina na tsaya? Na matsa daga 28, ban kai 24 ba. A ganina allon da ya dace da ɗan koyon tsere shi ne wanda ke ɗan tsorata shi a ruwan safe amma bai hana shi buga filafili da dukan ƙarfinsa ba. In ba ya jin komai a kai, ya yi masa faɗi, ba zai ƙaru ba, kuma nan Baba ya yi gaskiya. In ba ya iya ɗaga kai ya kalli gaba, ya yi masa siranta. Ga mai jikinsa da ruwan Asabar, wannan ya faɗo wajajen 26. Amma ban ce ya yarda da ni ba. Na ce agogo ya raba mu. Ya ari duk wanda zai iya ara, ya zaɓi tazara ɗaya, ya tuƙa ta da kowanne, ba da sassafe kaɗai ba, har da yamma in iska ta motsa ruwa, kuma bayan ya riga ya gaji. Wanda ya kai shi da wuri, da faɗuwar da komai a cikin lissafi, shi ne nasa. Kowa ya iya allonsa ya wanke.

Koyon kuwa, abin da na tsinta daga bakinsa da na baƙon nan da kuma Baba kusan ɗaya ne, ko da yake ba su taɓa zama tare ba. A fara a durƙushe har allon ya ɗauki gudu, sannan a miƙe, don allo kamar keke yake, a tsaye cik ya fi kayar da mutum. Gwiwa a sake, ƙugu ya riƙa bin motsin ruwa maimakon ya yi faɗa da shi. Filafili ya zauna a ruwa, shi ne ƙafa ta uku. Mai ɗaga shi sama don ya daidaita ya riga ya tafi. A riƙa motsa yatsun ƙafa kada su sandare. A koyi faɗuwa da gangan, a gefe, nesa da allon, jiki a baje, sannan a koyi hawa har ya zama ba sai an yi tunani ba. Igiyar da ke haɗa ƙafa da allo dole ce a tafki, don iska na iya tafiya da allo fiye da saurin iyonka, amma a kogi mai gudu takan zama tarko in ta sarƙe a reshe, sai irin wadda ake ɗaurawa a ƙugu a kwance da fizga ɗaya. Baba ya ce su ba su san igiya ba, amma batun ido ya sani: mai kallon ƙafarsa ruwa yake nema, a zaɓi bishiya a tsallake a kafa mata ido.

Har yau ba a sayi allon ba. Kuɗin da ya fara tarawa, wani kaso ya tafi wurin mai koyar da iyo, yana zuwa sau biyu a mako bayan an tashi aiki. Ya kuma samo wani guntun katako ya ɗora a kan bututun roba a tsakar gida, yana hawa yana lilo da tsintsiya a hannu, yaran maƙwabta na leƙe ta katanga suna dariya. Jiya da dare na fito na tarar Baba zaune a kan benci yana kallonsa. Katakon ya kuɓuce, yaron ya dira da ƙafa ɗaya ya dafe bango.

"Ka sake kallon ƙasa," in ji Baba. "Hau."